Injin da Ya Ƙi Wankin Safe

Litinin

Zuwa ga Yaya Filaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da zaman daji, da kewar gida in har kana yi. Ina fata kana lafiya. Direban da ke kai muku kayan abinci can wurin ginin madatsar ruwa ya ce har yanzu waya ba ta shiga wurinku, shi ya sa na koma biro da takarda. Duk Talata yake tafiya, ya dawo Juma'a. Kar ka ce ba ka san wanda za ka ba amsa ba.

Baba da sauƙi. Hannun daman da ya shanye ya fara riƙe cokali, ƙafar ce dai har yanzu sai an ja ta. Bakinsa kuwa lafiya lau, jiya ma sai da ya yi wa mai karanta labarai a rediyo tas.

Ba gaisuwa kaɗai ta kawo ni ba. Injin wankin nan na bayan kicin, wanda kai da Baba kuka tayar shekarar da za ka tafi, shi ya sa ni a gaba. Yana jan ruwa, yana wankewa, yana ɗauraya, yana zubarwa. Da an zo juyin ƙarshe na matse kaya sai ya fara raina mini hankali. Ya juya dama a hankali, ya juya hagu, ya ɗan ɗauki gudu har in ce to ga shi nan, sai ya yi gib-gib sau biyu ya saki. Sau uku yake gwadawa. Daga nan ya yi ta lilo da kayan har lokaci ya cika, in buɗe ƙofa in tarar da su suna tsiyayar ruwa. Yau kwana tara ke nan.

Ka san barandarmu, taku huɗu ce, kuma ruwan sama bai ɗaga mana ƙafa ba. Zanen gadon da aka matse da hannu sai ya kwana biyu bai bushe ba. Na ɗaura igiya a falo daga ƙusar agogo zuwa ƙarfen taga, na ɗaura wata a hanyar banɗaki. A haka babban wanmu, Yaya Babba, ya same mu ranar Asabar. Ya shigo yana sunkuyawa ƙarƙashin zannuwa da hankici a hanci, ya ce mara lafiya ba zai zauna cikin danshi ba. Wai ya gyara wa Baba ɗaki a gidansa, ya yi magana da mai jinya, kuma ya ba ni wata guda. In abin bai canza ba zai zo da mota. Baba bai ce masa komai ba sai, "Ka ja ƙofa in za ka fita."

Kar ka ce in kira mai gyara. Shekara arba'in Baba yana gyara injinan mutane, ba zan kawo wani da jaka a kafaɗa ya riƙa leƙa masa ɗakuna ba. A lissafin dangi kai jikan goggon Baba ne, sai an yi dogon bayani kafin a iso kanka. Amma shekara sha ɗaya ka yi a shagonsa kana ci a kwanonmu, kuma shi ya laƙaba maka Filaya don in ka riƙe abu ba ka saki. To ka riƙe wannan. Ka rubuto mini abin da zan kwance, ni zan kwance shi da hannuna. Akwatin kayan aikin yana nan ƙarƙashin gadonsa.

Ƙanwarka,
Auta

Alhamis

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso a cikin kwalin albasa, da hawaye na karanta ta, amma ba na tausayi ba. Lafiyata ƙalau, ban da sauro da janareto biyu da suka rantse ba zan zauna ba. Ki gaishe da Baba. Ki ce masa na ji labarin cokali, saura sifana.

Kafin komai ki zare filogi daga bango. Ban ce ki kashe ba, ki zare na ce. Na san ki da gajen haƙuri.

Inji ba ya yarda ya yi gudu in da sauran ruwa a cikinsa, don haka daga nan za mu fara. Can ƙasa ta hannun dama akwai 'yar ƙofa, a bayanta akwai murfi mai murɗawa. Matatar ruwa ce, mai tace datti. Ki ajiye tire da tsumma, ki murɗa kaɗan-kaɗan, ruwa zai fito. Ki ciro ta ki wanke, sannan ki zura yatsa a ramin ki ji ko fankar famfon tana juyawa. Daga nan ki ja injin gaba ki duba tiyon baya, sau da yawa bango ne ke danne shi ya lanƙwashe. Ki danna kusurwoyi huɗu ɗaya bayan ɗaya. In wata ta yi rawa, ƙafarta ce ta gajarta, sifana sha bakwai za ta gyara.

In duk wannan lafiya, ki cire murfin baya. Za ki ga bel a kan babban gargare. Ki danna shi da babban yatsa. In ya yi laƙwas, ko kika ga baƙin gari a ƙasansa, mun kama ɓarawo. Da kin mayar da komai, ki gwada juyin matsa ba kaya a ciki, sannan ki gwada da kaya. Ki rubuto mini duk abin da ya yi, har wanda kike ganin ba shi da amfani.

Sai dai kin ba ni mamaki. Kina da mutumin da ke gane ciwon inji tun daga bakin titi, yana kwance taku goma daga injin, kin tsallake shi kina rubuto wa ɗalibinsa a daji. Ki buɗe ƙofar ɗakinsa ki kunna. Zai faɗa miki kafin a gama ɗauraya, ya haɗa miki da zagi kyauta.

Maganar Yaya Babba kuwa, kar ki ɗauke ta da zafi. Ke kaɗai ce, ga keken ɗinki ga jinya. Gidansa da faɗi, har injin busar da kaya yake da shi. Ba abin kunya ba ne mutum ya gaji.

Yayanki,
Filaya

Litinin

Yaya Filaya,

Bayan gaisuwa, muna lafiya, Baba ya amsa. Ya ce in gaya maka sifanarsa ta fi ƙarfin bakinka.

Wa ya ce maka na gaji? Na rubuto maka a kan inji, ka ba ni amsa a kaina. Ɗakin da aka gyara masa a hawa na biyu yake, tagar tana kallon tankin ruwa. A nan kuwa tagarsa tana kan titi, gefen tsohon shagonsa. Duk wanda ya taɓa kawo masa gyara sai ya tsaya ya gaishe shi, wasu har da fanka a hannu su ce ya saurara musu. Rabin maganinsa ke nan. Ka cire wannan zance daga takardarka ta gaba.

Na yi duk abin da ka ce. Kaɗan-kaɗan ɗin da ka ce in murɗa bai yi aiki ba, ruwa ya bi kicin har ƙarƙashin firij. A matatar na sami maɓallan riga uku, fil biyu na ɗinki, da dunƙulen zare mai wari. Fankar famfo tana juyawa. Tiyo bai lanƙwashe ba. Ƙafar baya ta hagu tana rawa, na ɗaure ta. Bel yana nan daram, ba gari ba komai. Na fasa farce ɗaya a murfin baya, kai ka ja mini.

Na gwada shi ba kaya, ya yi gudun da sai da kofin da ke kansa ya yi tafiya ya faɗo. Da yamma na zuba rigunana da ƙyallayen ɗinki, ya matse su kamar a sa a jiki. Har rawa na taka a kicin ni kaɗai. Washegari na zuba wankin safe, sai gib-gib, ya saki. Kwana uku ina gwadawa, haka yake yi. Da yamma mutumin kirki ne, wankin safe kaɗai yake ƙi.

Na buɗe ƙofar Baba na kunna kamar yadda ka ce. Ya saurara. Na san ya saurara, don yatsansa yana bugun gefen gado yadda yake yi a shago. Da injin ya saki, sai ya juya fuska bango ya ce kunnensa ya mutu, in bar shi ya huta. Mutumin da ke ji daga ɗaki in na ƙara cokalin sukari a kicin. Ban sake tambayarsa ba.

Ina matsewa da hannu, ina kunna fanka a kan igiya, ina bin abin da bai bushe ba da dutsen guga. Ba na mutuwa. Ka faɗa mini abin da zan kwance na gaba, in ya kama a fito da gangar ciki ne ma zan fito da ita.

Auta

Alhamis

Auta,

Na gode Allah da kuke lafiya. Ni ma haka. Ki shafa wa farcen mai, ba zan biya diyya ba.

Ki ajiye sifana, kar ki sake kwance komai. Injin da ya yi cikakken gudu ba kaya, ya kuma yi da rigunanki, lafiyarsa ƙalau. Kuma ba shi da agogon da zai san safe da yamma.

Ga yadda yake. Kafin ya ɗauki gudu, wannan dama da hagun da kike gani, rarraba kaya yake yi yana auna su. In nauyi ya bazu ko'ina sai ya tafi. In ya taru gefe ɗaya, ya san in ya yi gudu zai fasa kansa, sai ya gwada sau uku ya haƙura. Gib-gib ɗin nan nauyi ne ke dukan gefe. Laifin ba a jikin injin yake ba, a cikin abin da ake zuba masa da safe yake.

Na sake karanta takardunki biyu. Kin ƙirga mini maɓallai, kin ƙirga fil, kin faɗa mini abin da kika wanke da yamma har ƙyalle. Da kika zo kan na safe sai kika ce wankin safe, kika wuce. Mene ne a ciki? Ki rubuta mini ɗaya bayan ɗaya, da irin yadinsu.

In kuma ba ki da lokacin rubutu, akwai wani da muka taɓa aiki tare, shi ke duba injinan gidan Yaya Babba yanzu. Sai in aika wa Yaya Babba ya turo shi da sassafe, ya tsaya ya ga abin da ake zubawa da idonsa. Minti goma ya ishe shi. Ba ya surutu sosai.

Filaya

Litinin

Filaya,

Muna lafiya.

Zannuwa ne. Zanen gado zanen gado ne, ba shi da dangi. Ban san yaushe ka zama ɗan sanda ba da zan riƙa jera maka wankin gidanmu.

Ashe can ka nufa tun farko. Takardar farko ka ce na gaji, ta biyu ka ce za ka aika wa Yaya Babba. Me ya rage? Ka zo ka riƙe masa ƙofar mota. To ka ji da kyau. Duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar nan da sassafe da jaka a kafaɗa, a waje zai yi minti gomansa. Ba wanda zai tsaya a kaina yana kallon abin da na fito da shi daga ɗakin mahaifina. Ba abokinka ba, ba Yaya Babba ba, ba kai ba.

Ranar da aka kawo ka gidan nan da ciwon ƙafa yana ruwa, Baba da kansa ya riƙa wanke maka har ka warke, bai kira kowa ya zo kallo ba. Na ɗauka ka tuna.

In ba ka san gyaran ba, ka ce ba ka sani ba. Zan ci gaba da matsewa da hannu har damina ta wuce.

Auta

Litinin

Yaya Filaya,

Ina gaisuwa, ko da ba za a amsa ba. Juma'a biyu ke nan ina zuwa bakin titi ban ga direba ba, ban ga takarda ba. Wannan a ofishinsu zan ajiye ta, ko ta iso ko kar ta iso.

Na gane shirun. Ka rubuta wa wanda ka ga ya fi ni hankali. Jiya Yaya Babba ya zo, ya taɓa zanen da ke kan igiya, ya murza yatsunsa, ya ce wata ya cika. Asabar mai zuwa zai zo da mota da mai jinya. Ya yi ta kallona kamar wanda ya san wani abu. In kai ka faɗa masa abin da kake zato, Allah ya isa ban ce ba, amma na kusa.

Wuyan hannuna duka biyu sun kumbura, tsakanin yatsu ya tsage. Na mayar wa mutane biyu ɗinkinsu don ba na iya riƙe almakashi. Shekaranjiya ina ba Baba magani ya kama hannuna ya juya shi, ya daɗe yana kallo. Na ce sabulu ne bai karɓe ni ba. Ya saki, ranar kuma bai ci abinci ba.

Ban rubuto don a tausaya mini ba. Na rubuto ne ka sani, ranar Asabar a bakin ƙofa za su same ni. Yaya Babba ya girme ni da shekara sha biyar, ban taɓa ɗaga masa murya ba. Zan fara. Ina jin tsoro, amma ba zan matsa ba.

Auta

Alhamis

Auta, ƙanwata,

Ina fata wannan ta same ku lafiya, kuma ta iso kafin Asabar. Ruwa ne ya cinye gadar da ke tsakaninmu da babban titi, mako biyu ba mota. Jiya direba ya shigo, ya miƙo mini takardunki biyu a tare. Na karanta zagin, na karanta na bayansa.

Ban rubuta wa Yaya Babba ba, ko harafi ɗaya. Maganar turo mutum kuskurena ce, na yi ta ne da kan mai gyara. Da kika tuna mini ciwon ƙafata sai na zauna a kan akwatin kayan aiki na daɗe ban tashi ba. Na gane, kuma ya yi mini ciwo ƙwarai. Ni har yanzu Baban da ke ɗaga inji shi kaɗai ya ɗora a benci nake gani.

Yanzu ki bar ni in yi maganar inji kawai. Bara mai wankin ɗakin shan maganinmu na nan ta kawo mini irin wannan ƙara. Akwai wata shimfiɗa da ruwa ba ya ratsa ta, gefe ɗaya yadi, gefe ɗaya roba, kusurwoyinta suna tattarewa su kama katifa. A cikin inji takan naɗe ta zama jaka, ta riƙe ruwa kusan rabin bokiti. Famfo ba ya kaiwa ga ruwan, don ba ya fita ta ramukan ganga. Nauyin nan duk a gefe ɗaya yake, inji kuwa ba zai taɓa yarda ya yi gudu da shi ba, ko sabo ne fil.

Ban tambaye ki ko akwai irinta a gidan ba, kuma ba zan tambaya ba. In wani yana da ita, ya cire ta daga wanki. A shimfiɗa ta a banɗaki, a bi ta da soso da sabulu da ruwan ɗumi, a rataye a kan ƙofa robar tana waje, kafin azahar ta bushe. Zannuwan a zuba su biyu tare da tawul ɗaya don nauyi ya daidaita. Shi ke nan gyaran, ba noti ba sifana.

Hannun kuma ki kai a duba. Ranar Asabar ki tsaya inda kika ce. Da ina kusa da a gefenki zan tsaya.

Yayanki,
Filaya

Lahadi

Yaya Filaya,

Muna lafiya, hannu ya fara saɓewa. Ka zauna kafin ka karanta.

Direbanku ya iso Juma'a ina kantin magani. Da bai same ni ba, sai ya miƙa wa Baba takardar ta taga. Baba ya buɗe. Wai duk abin da ya shigo ta tagarsa nasa ne. Na dawo na tarar da ita a kan ƙirjinsa, tabarau a hanci. Ya ce, "Auta, gobe ki cire robar nan daga cikin wanki."

Ba za ka gane nauyin wannan magana ba sai na faɗa maka. Wata huɗu ke nan kowace safiya ina zare shimfiɗarsa ina cewa shayi ya zube, shi kuma yana cewa kofin ne ba shi da gindi. Haka muke yi, ba mu taɓa kiran abin da sunansa ba. A da leda nake sa masa, tana ƙona masa baya, sai na sayo wannan mai yadi. Na ce tunda yadi ce inji zai wanke. Ranar da na fara jefa ta ciki, ranar injin ya fara ƙi, kuma ban taɓa haɗa biyun ba.

Na ce, "Baba, takardar ce ta faɗa maka?" Ya ce, "Takarda ta faɗa mini aikina?" Na ce tun yaushe ya sani. Ya ce tun ranar farko.

Muryar da na tanadar wa Yaya Babba, a kan Baba ta fara sauka. Na miƙa masa hannuwana na ce ya duba, kwana arba'in. Ban san duk abin da na faɗa ba. Na shiga kicin na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Inna, sannan na dafa masa shayi, don lokacinsa ya yi.

Jiya da safe na zuba zane biyu da tawul. Ya juya dama, ya juya hagu, ya ɗauka, bai saki ba. Kafin ƙarfe goma na kwance igiyar falo.

Sha ɗaya Yaya Babba ya iso da mota da mai jinya. Ina tsaye a ƙofa na buɗe baki ke nan, sai Baba ya ɗaga murya daga ciki ya ce a bar babban ya shigo shi kaɗai, ni da baƙon mu jira a waje. Sun fi rabin awa. Ban ji komai ba, kuma na yi ƙoƙari. Yaya Babba ya fito idonsa ja, ya tsaya a falo yana kallon ƙusar agogo, ya dubi hannuna, ya sallami mai jinya, ya shiga motarsa. Bai ce ya haƙura ba, bai ce zai dawo ba.

Zagin da na yi maka, rabi na janye. Sauran rabin na wanda ya ce na gaji ne, yana nan. Baba ya karɓi biro ya ce kar in rufe ambulan, shi ma yana da magana, kuma ba ta shafe ni ba.

Ƙanwarka,
Auta

Litinin

Filaya,

Hannun da ya shanye ne ya rubuta. Ka karanta yadda ka iya.

Takarda uku kafin ka gano abin da na koya maka a shekararka ta uku. Ka yi sanyi.

Ni na ji shi ranar farko. Na kwanta ina jin 'yata tana murɗa zane a banɗaki kwana arba'in, na yi shiru, don in na ce ta cire robar, na faɗi amfanin robar. Laifin nan nawa ne. Ba na inji ba ne, ba nata ba ne.

Abin da na faɗa wa babban ɗana zan faɗa maka, kar ka ji a bakin wani. Fitsari yana kufce mini a kwance, kusan kullum. Na faɗa masa ina kallon idonsa, na ce ya gaya wa duk wanda ya ga dama. Ya ce ai shi ya sa ya kamata in koma gidansa. Na ce a ɗakin nan uwarsu ta cika, a nan zan jira nawa. In taimako yake so, ya zo ƙarfe shida na safe ya ɗaga ni Auta ta zare zane. Ban hana motarsa zuwa ba, amma shi za ta riƙa kawowa, ba ni za ta ɗauka ba.

Yau ya zo, shida da kwata. Bai iya ɗaga mutum ba, ya kusa karya mini haƙarƙari. Na ce gobe ya zo a kan lokaci.

Baba